Wa ke da fim: mai kuɗi, mai aiki ko mai kallo? Labarin rigimar Justice League

Wannan shi ne taƙaitaccen bayanin da muka yi a filinmu na nishaɗi, mun rubuto shi domin waɗanda tafiyar kiwo ko hidimar kasuwa ta hana su kama shirin.

Tambayar da ta jawo zancen ta fito ne daga wajen masu sayen fina-finai a katin memori. Mutum biyu za su karɓi fim ɗin Amurka mai suna Justice League wajen masu tura fim a waya, na ɗaya ya ga nasa awa biyu ne, na ɗayan kuma awa huɗu. Jarumai ɗaya, suna kusan ɗaya, amma labari ya sha bamban. Sai gardama ta tashi, wani ya ce mai turawa ne ya yanke masa. To, babu wanda ya cuci wani. Fina-finai biyu ne, kamfani ɗaya ya fitar da su, na farko a 2017, na biyu a 2021. Yadda aka yi haka ta faru labari ne na ja-in-ja tsakanin mai kuɗi, mai aiki da ƴan kallo, kuma akwai darasi a ciki ga duk mai riƙe da waya.

Daga takarda suka fito

Superman da Batman da sauran jaruman nan masu tashi sama ba a fim aka haife su ba. Daga littattafan labari cikin zane suka fito, irin ƙananan mujallun nan da ake zana hoto, a rubuta maganar mutum kusa da bakinsa. Superman ya fara fitowa a 1938, Batman a 1939. Kamfanin DC ne ke da su, shi kuma DC yana ƙarƙashin babban kamfanin fim na Warner Bros. Abokin gasarsu shi ne Marvel, mai Iron Man da Captain America.

Abin lura a nan shi ne, waɗannan jarumai sun haura shekara 80 ana karanta su. Kaka ya karanta, uba ya karanta, jika ya karanta. Kowane mai karatu yana da siffar jarumin a ransa: yadda yake magana, abin da zai yi da abin da ba zai taɓa yi ba. Saboda haka duk ranar da aka ce za a mai da labarin fim, miliyoyin mutane sun riga sun zama alƙalai tun kafin a kunna kyamara. Masu karanta littattafan Hausa sun san wannan ciwon, idan aka mai da littafin da suke so fim suka ga an sauya musu jaruma.

Hannu uku a kan akushi ɗaya

Hannu na farko shi ne kamfani, mai zuba kuɗi. Na biyu shi ne darakta, mai ba da umarni, wanda ke tsara yadda za a ɗauki kowane hoto. Na uku su ne ƴan kallo, masu sayen tikiti.

A Holiwud, fim ba ya ƙarewa ranar da aka gama ɗauka. Ana ɗaukar hotuna masu yawa, sannan a shiga ɗakin tacewa a zaɓi abin da zai shiga da abin da za a zubar. Wanda ke da ikon faɗin kalmar ƙarshe a wannan ɗaki, shi ke da fim. Daraktoci ƙalilan ne ake rubuta wa wannan iko a yarjejeniyarsu. Ga mafi yawansu, kamfani ne ke riƙe da shi. Duk wanda ya taɓa kiwon dabbobin wani ya san wannan hali: kai ka san kowace saniya da halinta, kai ka kwana da su a daji, amma ranar kasuwa mai dukiya ne zai nuna wadda za a sayar.

Kuma kuɗin ba na wasa ba ne. An ƙiyasta cewa Justice League na 2017 ya ci kusan dala miliyan 300. Dalar Amurka muke nufi fa, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Idan aka juya shi zuwa sefa ya haura miliyar 150, wato biliyan 150 a faɗar ƴan'uwa na wancan gefen iyaka. Bayan wannan akwai kuɗin talla, sannan gidajen silima suna riƙe kusan rabin kuɗin tikiti. Ke nan fim sai ya tara fiye da ninki biyu na abin da aka kashe kafin kamfani ya fara maganar riba. Wanda ya zuba irin wannan dukiya ba zai naɗe hannu ya zuba ido ba.

Yadda rigimar ta fara

A 2012 Marvel ya haɗa jarumansa a fim ɗaya mai suna The Avengers, ya tara kusan dala biliyan ɗaya da rabi. Warner ya ga haka, shi ma ya so ya haɗa nasa. Ya ɗora aikin a kan darakta Zack Snyder, wanda ya yi Man of Steel a 2013, sannan Batman v Superman a watan Maris na 2016.

Snyder mutum ne mai son labari mai nauyi, hoto mai duhu, jarumi mai damuwa a zuciya. Batman v Superman ya tara sama da dala miliyan 870, amma masu sharhin fim sun caccake shi, kuma a mako na biyu cinikin ya faɗi da kusan kashi 70 cikin 100. Kamfani ya yi tsammanin fiye da haka. Matsalar ita ce, ba a cika wata ɗaya da fitowarsa ba aka fara ɗaukar Justice League a Ingila, a watan Afrilu na 2016. Jirgi ya riga ya tashi, ga shi masu shi sun fara shakkar matuƙin.

Sai shugabannin kamfanin suka fara sa hannu. Suna son a rage duhu, a ƙara ban dariya, a yi irin na Marvel. Suka ɗauko Joss Whedon, wanda shi ne ya ba da umarnin The Avengers, domin ya rubuta sababbin fitowa. Ana cikin haka sai Snyder ya yi babban rashi: ɗiyarsa ta rasu a watan Maris na 2017. A watan Mayu ya sanar da cewa ya ajiye aikin domin ya koma ga iyalinsa. Whedon ya karɓi ragama.

An gaya wa duniya cewa Whedon zai ƙarasa ɗan abin da ya rage ne kawai. Ashe aikin ya wuce haka. An sake ɗaukar fitowa da yawa, an sauya mai tsara kiɗan fim ɗin, kuma jaridun harkar sun ruwaito cewa shugaban kamfanin ya ba da umarni kada fim ya wuce awa biyu. Dalilin wannan a fili yake ga ɗan kasuwa: gajeren fim ana iya nuna shi sau da yawa a rana a ɗaki ɗaya, tikiti ya ƙaru. Ranar fitowa kuma aka ƙi ɗaga ta, 17 ga Nuwamba, 2017.

Gaggawar ta bar tabo wanda kowa ya gani. Henry Cavill, mai fitowa a Superman, a lokacin ya tara gashin baki saboda wani fim na kamfanin Paramount, Mission: Impossible – Fallout, kuma wancan kamfani ya hana shi askewa. Sai aka ɗauke shi da gashin bakin, aka goge da kwamfuta. Sakamakon ya zama abin dariya, leɓen Superman ya fito kamar na roba tun a farkon fim.

Fim ɗin ya tara kusan dala miliyan 658. A kunne adadi ne babba, amma bai kai na Man of Steel ba, wanda jarumi ɗaya ne kawai a ciki, kuma masu lissafin harkar sun ce asara aka yi. An gudu daga duhun Snyder, ba a kai ga hasken Marvel ba. Sunan Snyder ne a kan fim ɗin a matsayin darakta, amma shi da bakinsa ya ce bai taɓa kallon sa ba.

Ƴan kallo sun ɗaga murya

Tun a makon farko magoya bayan Snyder suka ce wannan ba aikin mutuminsu ba ne. Sun lura akwai hotunan da aka nuna a tallan fim amma babu su a ciki. Suka ƙirƙiri wani maudu'i a Twitter, #ReleaseTheSnyderCut, ma'ana a saki fim ɗin yadda Snyder ya tace shi. Mutane da dama a harkar suka ce mafarki suke yi, babu wani kammalallen fim a ɓoye, kuma babu kamfanin da zai fito ya nuna wa duniya cewa ya yi kuskure.

Ba su bari ba. Sama da shekara biyu suna abu ɗaya. Suka yi karo-karo, a 2019 suka yi hayar jirgin sama ya ja ƙyallen saƙonsu a saman babban taron masoya littattafan zane na birnin San Diego. Suka sayi allon talla a dandalin Times Square na birnin New York. Suka kuma tara sama da dala dubu 500 suka ba wata gidauniyar Amurka mai aikin hana mutane kashe kansu, domin ta wannan hanya ce ɗiyar Snyder ta rasu. Shi ma Snyder yana ta sakin hotunan da aka zubar, ɗaya bayan ɗaya, wutar tana ƙara ruruwa. A Nuwamba na 2019, da fim ɗin ya cika shekara biyu, manyan jarumansa irin su Ben Affleck da Gal Gadot suka shiga sahun masu kiran.

Ranar 20 ga Mayu, 2020, aka sanar cewa za a saki fim ɗin. Magoya baya suka yi ta murna, suna cewa talaka ya kayar da mai kuɗi.

Me ya sa kamfani ya amsa?

A nan ne ya kamata mu tsaya mu duba da kyau, domin ruwa ba ya tsami banza. Kukan da aka yi a 2018 shi ne aka yi a 2020. Me ya sauya?

Kasuwa ce ta sauya. A lokacin kamfanin sadarwa na AT&T ne ke da Warner, kuma suna shirin buɗe sabuwar tashar kallo ta intanet mai suna HBO Max, wadda mutum ke biyan kuɗi duk wata, domin su yi gogayya da Netflix da Disney. An buɗe ta ranar 27 ga Mayu, 2020, mako ɗaya cif bayan waccan sanarwa. Ga kuma annobar korona ta rufe gidajen silima, ta tsayar da ɗaukar sababbin fina-finai. Sabuwar rumfa tana neman kayan da za su jawo mutane, ga kaya a ajiye a sito an riga an kashe musu kuɗi, ga kuma dubban mutane sun shekara biyu suna yi musu talla kyauta. Wane ɗan kasuwa ne zai ƙi?

Kamfanin ya ƙara kusan dala miliyan 70 aka ƙarasa aikin kwamfuta da kiɗa da ƴan fitowa kaɗan. Snyder ya ce bai karɓi ladan wannan aiki ba, domin kada kowa ya sami bakin gaya masa abin da zai yanke. Ranar 18 ga Maris, 2021, fim ɗin ya fito da suna Zack Snyder's Justice League, tsawonsa minti 242.

Ba wannan ne karo na farko da kuka ya yi aiki a daidai lokacin da ya dace da aljihun kamfani ba. Matasa biyu da suka ƙirƙiri Superman, Jerry Siegel da Joe Shuster, sun sayar da shi a kan dala 130 a 1938, suka tsufa cikin talauci. Sai a 1975, lokacin da ake shirin babban fim ɗin Superman kuma jaridu suka ɗauki kukansu, kamfanin ya yarda zai riƙa ba kowannensu dala dubu 20 a shekara, a kuma mayar da sunayensu kan aikin. Haka darakta Richard Donner, wanda masu kuɗi suka sallama daga Superman II aka ba wani ya ƙarasa: sai a 2006 aka saki nasa tacewar a faifai, shekarar da kamfanin ya fito da sabon fim ɗin Superman.

Yadda za ku bambanta su

Ga masu saye da masu turawa, ga alamomi. Na 2017 awa biyu ne, hotonsa ya cika faɗin allo, akwai barkwanci da yawa. Na 2021 awa huɗu ne da ɗan ɗori, an raba shi kashi shida da rufewa, hotonsa kusan murabba'i ne, za ku ga baƙi a hagu da dama na allo. Wannan ba lalacewar kati ba ce, haka aka yi shi. A cikinsa Superman yana dawowa da baƙaƙen kaya, babban mugu Darkseid yana fitowa sosai, kuma labarin Cyborg, saurayin nan baƙar fata mai rabin jikin ƙarfe, shi ne zuciyar fim ɗin, alhali a na farko an yanke mafi yawansa.

Wannan yankan ma yana da nasa labarin. A watan Yuli na 2020 Ray Fisher, mai fitowa a Cyborg, ya zargi Whedon da wulaƙanta ma'aikata lokacin sake ɗaukar. Gal Gadot ma ta ce ya yi mata barazana a kan sana'arta. Kamfanin ya yi bincike, a Disamba na 2020 ya ce ya ɗauki mataki, bai yi cikakken bayani ba. Whedon ya musanta zargin.

Masu sharhi da yawa sun yarda cewa na 2021 ya fi na 2017 ma'ana, ko da yake wasu sun ce tsawon ya yi yawa. A nan dai ƴan kallo sun yi gaskiya.

Inda abin ya ɓaci

Sai dai ba duka hayaniyar ce mai tsabta ba. Wasu daga cikin magoya bayan sun mai da abin yaƙi. Sun riƙa zagin ƴan jarida da ma'aikatan kamfanin, har da barazana, wasu suka rufe shafukansu saboda tsangwama. Bayan fitowar fim ɗin wasu suka riƙa zuwa shafukan ba da maki suna zuba wa wasu fina-finan kamfanin mummunan maki, ba don sun kalla ba, sai don a tilasta a ci gaba da labarin Snyder.

Sannan a watan Yuli na 2022 mujallar Rolling Stone ta ruwaito cewa binciken da kamfanin ya sa aka yi ya gano aƙalla kashi 13 cikin 100 na shafukan da ke cikin wannan kira na bogi ne, ba mutane ba ne na gaskiya, alhali abin da aka saba gani a maudu'in da ya yi tashe bai wuce kashi 3 zuwa 5 ba. Snyder ya musanta cewa shi ya kitsa hakan. Wannan bai soke dubban mutanen gaskiya da suka ba da kuɗinsu da lokacinsu ba. Amma ya nuna cewa ana iya kumbura taro a intanet, kamar yadda ake sa mutane su kewaye dabba a kasuwa suna taya ta da ƙarya domin farashi ya hau.

Kuma yawan masu kuka ba shi ne gaskiya ba. A 1988, da aka ce Michael Keaton, wanda aka sani da wasan ban dariya, shi zai fito a Batman, an aika wa Warner wasiƙun ƙorafi kusan dubu 50. Kamfanin ya toshe kunne, fim ɗin ya fito a 1989 ya tara sama da dala miliyan 400. Da aka zaɓi Heath Ledger ya fito a Joker, an yi ta gunaguni. Fim ɗin The Dark Knight ya fito a 2008, kuma wannan rawar ce ta ba shi kyautar Oscar a 2009 bayan rasuwarsa. Da an bi ta masu ihu a lokutan nan biyu, da an yi asarar aiki mai kyau.

Wa ya ci riba a ƙarshe?

Magoya baya sun sami fim ɗinsu, amma abin da suka fi so, wato a ci gaba da labarin, ba su samu ba. Kwanaki kaɗan bayan fitowarsa shugabar sashen fina-finan kamfanin ta ce an rufe wannan babi. A 2022 Warner ya haɗe da kamfanin Discovery, sababbin shugabanni suka zo. A watan Agusta na wannan shekara suka jingine fim ɗin Batgirl, wanda an riga an gama ɗauka an kashe masa kusan dala miliyan 90, domin lissafi ya nuna musu cewa rubuta shi a matsayin asara a rage haraji ya fi musu sakin sa. An yi kuka a intanet, ba a sake shi ba. Aka damƙa jaruman DC a hannun James Gunn da Peter Safran, Henry Cavill ya ajiye rigar Superman, sabon jarumi ya sa ta a fim ɗin 2025.

Ke nan, jama'a, muryar mai kallo tana da ƙarfi, amma tana buɗe ƙofa ne a ranar da mai riƙe da makulli ya ga ribarsa a buɗewar. Mai aiki kuma, komai gwanintarsa, idan bai rubuta ikonsa a yarjejeniya tun farko ba, ranar tacewa ɗan kallo ne shi ma. Sannan duk lokacin da kuka ga wani zance ya cika waya, kowa yana turo shi, ku tambayi kanku abu biyu kafin ku tura gaba: mutum nawa ne na gaskiya a cikin taron nan, kuma wa zai ci riba idan hayaniyar ta yi yawa? Wannan tambaya tana aiki a kan fim, tana aiki a kan jita-jitar farashin dabbobi da ta rufe iyaka.

Ƙofarmu a buɗe take ga saƙonninku. Wanda ya kalli biyun, ya gaya mana wanne ya fi kwanta masa da dalilinsa, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Masu tafiya da dabbobi, Allah ya ba da ciyawa da ruwa. Masu hanya, Allah ya kai ku lafiya, ya ba da kasuwa.